Idon da Aka Bar wa Gwadabe

Sauke wayar nan, Nafi'u. Wa ya ba ka izinin haska mini wuta a fuska? An ɗauke wuta, mutum yana zaune a tsakar gida yana shan iska, sai kawai ka ɗaga waya ka ƙyasta masa hoto kamar ka ga akuyar sayarwa. A'a, kada ka duba. Kife ta a kan tabarma ka zauna.

Ke Saudatu, jawo ƙanwarki ku matso ciki, ku bar gindin darbejiyar nan. Tunda abin ya zo da haka, yau za ku ji labarin Gwadabe Mai Hoto. Kada wanda ya ce mini "ta zo mu ji ta", babu Gizo babu Ƙoƙi a ciki. Mutumin yana nan da ransa a bayan tasha, kuma baban su Walida, maigidana, shi ya ɗauko shi a mashin ranar da abin ya faru.

Ni dai ba na ƙaunar Gwadabe, ban kuma taɓa ɓoyewa ba. Ranar kamuna ya laɓe ya ɗauke ni na wangale baki zan kai lomar alkaki. Ya wanke hoton ƙato, ya saka a allon gilashin da ke ƙofar shagonsa. Babu ɗan acaɓar da bai san haƙorana ba a tashar nan. Na aika a ce ya cire, ya ce a gaya wa Uwani hoton ya fi ta kyau. Haka halinsa yake. Ba ya tambaya kafin ya ɗauka, in ka ce masa a'a kuwa kamar ka ce ya ƙara.

Amma aiki kam ya iya, ba zan ci haƙƙinsa ba. Kyamara biyu gare shi. Akwai tsohuwa mai fim, wadda ya gada wurin ubangidansa, baƙa mai nauyi, gefenta duk ya goge saboda riƙo. Akwai kuma dijital mai allo a baya, wadda kana ɗauka kana gani. Jakarsa cike da gilasan da ake ɗaura wa bakin kyamara, wani dogo mai jawo na nesa, wani gajere mai faɗi da ke kwashe taro gaba ɗaya. Da idon dama yake leƙawa, ya runtse na hagu, har fatar wajen ta yi tamoji. Yakan buga ƙirji ya ce idon daman nan nasa ya fi gonar uban kowa. A kansa yake ci, a kansa yake sha, a kansa yake wa mutane rashin kunya.

Yana da wata ɗabi'a, ku riƙe ta da kyau. Fim ya yi wuya, sai an aika Kano ake samu, shi kuma ba ya son a ce ya taɓa ƙona hoto ko ya fito da shi duhu. Don haka duk sanda zai yi aiki da mai fim, sai ya fara ɗaga dijital ya ƙyasta sau ɗaya, ya duba allon ya ga yadda haske ya zauna, sannan ya saita mai fim. Gwajin haske yake ce masa. Ya yi shekara da shekaru yana yi, har hannunsa ya daina shawara da shi. Sabo turken wawa.

Ku kuna zaton sai dare mutanen ɓoye suke fitowa. Rana tsaka ta fi dare, lokacin da inuwar mutum ke shigewa ƙarƙashin ƙafarsa.

A irin wannan lokaci yana zaune a shago yana goge gilashi, sai ya ga wajen ƙofa ya yi duhu. Tsohuwa ce tsaye. Ba sallama. Zanenta baƙin rini ne mai sheƙi, irin na dā, yana ja har ƙasa. Warin baba ya cika shagon, warin karofi, alhali an fi shekara nawa babu mai rini a garin nan.

Bakinta ya motsa, ya rufe. Sannan maganar ta fito.

"Kai ne mai hoto?"

Gwadabe ya ce wa maigidana a nan ya ji gashin wuyansa ya tashi. Amma ya ce wa kansa tsufa ne, ko kuma kunnensa ne. Ya ce mata shi ne, Iya, me za a yi?

Ta ce za a kai 'yarsu gidan miji, nesa, inda ba a dawowa ganin gida. Tana son a haɗa dangi a ɗauka, yarinya ta tafi da shi. Sai ta kafa masa sharaɗi. Da mai fim zai zo, ita kaɗai. Daga ƙugu zuwa sama zai ɗauka. In ya gama ya naɗe fim ɗin ya miƙo mata, ba shi zai wanke ba.

Ransa ya ɓaci. Ya ce shi za a koya wa aiki? Ya nuna mata dijital, ya ce wannan ta fi, nan take za ta ga fuskar 'yarta.

Tsohuwa ta dubi kyamarar irin kallon da ake yi wa mushe.

"Waccan ba ta da kunya. Fim yana da kunya, abin da ya gani a duhu yake riƙewa. Ka bar ta a gida."

Da ya kore ta, don ya kori waɗanda suka fi ta. Sai ta kwance bakin mayafinta ta ajiye wani abu a teburinsa. Gilashin kyamara ne, bakinsa na tagulla, babu rubutu ko ɗaya a jiki. Ya ɗaga shi wajen ƙofa ya leƙa. Ya ce daga nan yana ƙirga gashin fuka-fukin shirwar da ke kan tankin ruwa. Bai taɓa ganin gilashi mai tsabta haka ba. Ta karɓe abinta ta ce ladansa ke nan in ya gama. Kwaɗayi mabuɗin wahala, nan take ya ce ina ne wurin.

Ta ce tsohuwar marina, bayan dutse.

Kun san ta. Hanyar nan da ta rabu da titi daidai wajen rubabben kwalbati, wadda ko masu itace ba sa bi. Ya ce ta hau mashin su tafi, ta ce ya yi gaba zai same ta. Ya haɗa kaya, mai fim, sandar nan mai ƙafa uku da ake ɗora kyamara, da fim sabo fil. Ya kai ƙofa sai ya waiwayo ya ga dijital a kan tebur. Ya ce a ransa ai ba ɗauka zai yi da ita ba, tsoron ɓarayi ne. Ya tura ta ƙasan jaka ya rufe da tsumma.

Mashin ya mutu daidai kwalbati. Ya buga, ya buga, ko tari bai yi ba. Ya jingine shi ya saɓi kaya ya shiga a ƙafa. Babu kukan tsuntsu. Babu ƙuda. Ya ce har takun kansa sai ya ji kamar na wani ne a bayansa. Da ya zagaya dutse, ga tsohuwar nan zaune a bakin wata busasshiyar rijiyar rini, ko gumi babu a goshinta.

Ga kuma dangi, an riga an jera a gindin tsamiya. Maza a baya tsaye, mata a gaba zaune, amarya a tsakiya an lulluɓe ta sai fuska. Kowa cikin baƙin rini, kowa tufarsa ta sauka ta rufe ƙasa. Ya yi sallama. Babu wanda ya amsa. Kallonsa kawai suke, kallon wanda ya shigo wa mutane ɗaki da takalmi.

Wani dogon dattijo a layin baya ya buɗe baki, ya rufe, can maganar ta iso.

"Wannan kika kawo mana?"

Tsohuwa ta ce shi ne ya iya.

"Ya yi ya tafi. Warinsa ya dame ni."

Gwadabe, wanda ke tsawata wa matan alhazai su gyara tsayuwa, yau bai iya ce wa kowa matsa nan ba. Ya kafa sanda, ya ɗora mai fim, ya saita daga ƙugu zuwa sama kamar yadda aka ce. Ya leƙa. A nan matsala ta fara.

Rana tana tsakiyar kai, ƙasa fara fat tana mayar da haske, mutanen kuma suna cikin inuwa sanye da baƙi. Duk mai hoto ya san babu hasken da ya kai wannan yaudara. In ka bi ta ƙasa fuskoki su fito baƙi ƙirin, in ka bi ta tufafi komai ya ƙone. A cikin tsohuwar kyamarar akwai 'yar allura da ke nuna awon haske. Ya duba ta. Tana rawa, sama, ƙasa, sama, ta ƙi tsayawa. Ya goge ido ya sake dubawa, sai ma ta kwanta.

Gumi ya keto masa. Ba tsoronsu ne kaɗai ba, har da tsoron a ce Gwadabe ya lalata hoto. Ya rantse wa maigidana bai yi niyya ba, ni kuma a wannan kaɗai na yarda da shi. Hannunsa ne ya shiga jaka. Ya ɗago dijital, ya kai fuska, ya ƙyasta.

Gilashin da ke bakinta mai faɗin nan ne, tun na bikin jiya bai cire ba. Ba ya sanin ƙugu. Daga rassan tsamiya har ƙasa ya kwashe.

Rana tana kashe allo, ba a gani. Sai ya yi abin da ya saba, ya cire hula ya yi wa allon rumfa, ya runtse idon hagu, ya kafa na dama.

Tufafin babu su a hoton daga gwiwa zuwa ƙasa. Ƙafafu ne a fili. Kofato irin na jaki, wasu sun dubi gaba, wasu sun juya baya. Bakunansu a tsaye suke, daga ƙasan hanci zuwa haɓa. Amarya kuwa, bai taɓa faɗa wa kowa yadda ya gan ta ba, in an tambaye shi sai ya tofar da yawu. Da ya duba inda tsohuwa ta koma ta zauna a layin gaba, wurin babu kowa.

Sai ya ji sanyi a bayan kunnensa, da warin baba.

Babu wanda ya yi ihu. Babu wanda ya motsa. Dogon dattijon nan ne ya yi magana, wannan karon kuma muryar ce ta riga bakin.

"Gama aikinka."

Ya gama. Ya saita mai fim yadda allon ya nuna masa, don ko a lokacin ya lura hasken ya yi yawa. Ya ɗauka, ya ja, ya ɗauka, har fim ya ƙare. Ya naɗe shi, ya buɗe bayan kyamara, ya miƙa ta gefen kafaɗa ba tare da ya juya ba. Aka karɓa. Yatsun da suka taɓa nasa kamar an tsamo su daga randa.

Ya fara magiya. Ya ce Iya ki yi haƙuri, kuskure ne, ga shi zan goge. Ya danna ya goge a gabanta, ya zare memori, ɗan katin da ke ajiye hotuna, ya karya da haƙori ya zubar.

"Ka goge na cikin ƙarfe," in ji ta. "Saura na cikin kanka."

Ta zagayo gabansa. Ta ce su ba azzalumai ba ne, ba sa karɓar abin da bai taɓa nasu ba. Idon da ya gani ya ɗauki abinsu, shi za su rufe, ɗayan kuma ya tafi da shi.

"Da wanne ka gani?"

To ku ji irin mutumin. Yana tsaye a gaban abin da ya fi ƙarfinsa, amma lissafi yake. Idon dama shi ne shago, shi ne suna, shi ne Gwadabe. Na hagu kuwa kullum a runtse yake, me ya taɓa tsinana masa? Ya tuna hula ta rufe masa fuska lokacin da ya duba, babu wanda ya ga wanne ya buɗe.

Ya ce, "Da na hagu."

Tsohuwa ta daɗe tana kallonsa.

"Ka tabbata?"

Ya ce ya tabbata.

Wani daga layin baya ya yi dariya ƙasa-ƙasa. Ta ɗaga babban yatsa, baƙi da shuni, ta ɗora masa a kan idon hagu. Babu zafi. Kamar an hure fitila ne a wannan gefen. Sannan ta ciro gilashin tagulla ta jefa masa a jaka, ta ce alkawari kaya ne, su suna cikawa. Ta ce ya tafi, kada ya waiwaya.

Wajen la'asar baban su Walida yana dawowa daga cin kasuwar ƙauye ya hango mutum zaune a kan kwalbati, da shatin yatsa baƙi a fatar ido, yana dariya shi kaɗai. Ya ɗauko shi. Tun daga nan har gari Gwadabe yana ba shi labarin nan a kunne, yana bubbuga masa kafaɗa. Wai ya yi wa aljana wayo. Wai ya ba su ragon ido ya tsira da mai aiki, ga kuma gilashi kyauta. Maigidana ya ce masa ya yi shiru ya yi ta a'uzubillahi, bai ji ba.

Ba a rufa mako ba aka kira shi wani biki a unguwarmu. Ina wurin, da idona na gani. Ya shigo da taƙamarsa, ya ɗaura sabon gilashi, ya jera ƙawayen amarya, ya ɗaga kyamara. Sai ya tsaya. Ya sauke, ya dubi bayan 'yan matan inda babu kowa sai katanga. Ya sake ɗagawa. Ya saki kyamarar, madaurin wuya ne ya tare ta, ya fita da baya da baya har yana take wa mutane tabarma.

Daga baya ya faɗa. Suna nan a tsakanin 'yan matan, a tsaye, suna kallon biki abinsu kamar yadda suka saba. Da ya ɗaga ido, gaba ɗaya suka juyo. Sun san yana ganinsu.

Ya cire gilashin tagulla ya jefa a rijiya, yana zaton shi ne. Ba shi ba ne. Idon ne. Abin da ya shiga cikinsa a marina bai fita ba, ya bar ƙofa a buɗe. Ya fara ganinsu babu kyamara ma. A kan katangar makabarta. A kujerar motar haya da kowa ke cewa babu kowa. A bakin murhun matarsa. Ba sa taɓa shi. Juyowa kawai suke su zuba masa ido, da irin ƙiyayyar da kake yi wa mai leƙen banɗaki. Da yana da na hagu, da sai ya rufe na dama ya ga duniya kamar kowa. Shi ne kuwa ya bayar da shi da kansa.

An yi rubutu, an yi hayaƙi, an kai shi asibitin ido aka ce ba a ga ciwon komai ba. Da abin ya ishe shi ya koma marina da ƙafarsa, rana tsaka. Yanzu ba sai an gayyace shi ba, yana zagaya dutse ya gan su. Ya durƙusa gaban tsohuwa ya ce ƙarya ya yi, da na dama ya gani, ta taimaka ta karɓe shi ta mayar masa da wancan.

Ta ce sun sani tun ranar.

"Rufe shi da za mu yi, sauƙi ne muka so yi maka. An tambaye ka har sau biyu. Riƙe wanda ka fi so."

Tun daga nan Gwadabe ya ɗaure idon dama da baƙin ƙyalle. Lafiyayyen ido, garau, wanda ke hango allura a cikin yashi, shi ya naɗe da hannunsa ya zauna cikin duhu. Matarsa ke jan sa zuwa shago ta dawo da shi. An sayar da kyamarorin. Ban ji daɗi ba, kada ku ce na ji daɗi. Amma ban yi kuka ba.

Bara na ce bari dai in je in karɓo hotona, don har lokacin yana cikin allo, rana ta cinye shi ya koma ruwan ƙasa. Na same shi zaune a tsohon bencinsa. Na gaishe shi, ya gane muryata. Ya ce Uwani, hotonki ko? Na ce shi. Bai yi gardama ba. Ya laluba aljihu, ya laluba tebur, bai sami makullin allon ba. Sai ya ɗan ɗaga ƙyallen da yatsa ɗaya don ya duba.

Bai dubi tebur ba. Bayan kafaɗata ya duba. Ya saki ƙyallen da sauri.

"Ke kaɗai kika zo?"

Na ce ni kaɗai.

Sai ya ce in fasa gilashin allon in ɗauki abina in tafi, kada in waiwaya, ba sa son a nuna an san da su. Na fasa, na ɗauka, na taho. Har na shigo gidan nan wuyana bai juya ba.

Saboda haka hanyar marina, daga kwalbati zuwa bayan dutse, kada in ji an ce an ga ɗayanku a kanta shi kaɗai, da rana ne ko da yamma. Ko ku biyu ne ban yarda ba. In kuma aka ce muku kada a ɗauka, to kada a ɗauka.

Kai kuma Nafi'u, ɗazu da ka haska ni, ina zaune ne na ba wa darbejiyar nan baya, duk duhun gindinta ya shiga cikin abin da ka ɗauka. Ban ce akwai komai ba. Na ce dai a bar wayar a kife.

Ɗauke hannunka daga kanta. Ina kallonka tun ɗazu, yana tafiya wajenta kai ba ka ma sani ba. Haka na Gwadabe ya yi.